Yaya Lasifika da Tallan Katifa

Yayana ba shi da jiki. In ka hango shi daga nesa cikin doguwar riga, sai ka ɗauka rigar aka shanya iska take kaɗawa. Duk abin da aka rage masa na tsoka a maƙogwaro aka zuba masa. Tun muna yara, in Inna tana nemana ba ta wahalar da kowa da aike, sai ta ce da shi, "Leƙa ƙofa ka kira min ita." Kira ɗaya zai yi, ni da nake can bayan makaranta in ji, wata mai irin sunana a layi na uku ita ma ta taho da gudu. Daga nan aka sa masa Lasifika, kuma sunan ya bi shi har ya yi furfura.

Bai yi nisa a karatu ba ya samu aiki a babbar tashar mota, shi ne mai sanar da tashin motoci. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, yana kiran fasinjoji, yana cigiyar jakar da aka manta da yaran da suka ɓace. Direbobi sun rantse min cewa makirfon ɗakin ya yi shekara uku a lalace ba wanda ya lura. Da sabon kamfani ya karɓi tashar, sai suka rataya wani ƙaton allo mai haske da yake nuna lokacin kowace mota, suka yi wa Yaya godiya suka sallame shi.

Wata huɗu ya yi a gida. Matarsa, wadda nake kira Anti, tela ce, kekenta a falo yake. Yaya ya rasa wanda zai sanar wa, sai ya koma kan iyalinsa. Da safe za ka ji, "Ana sanar da jama'ar gidan nan cewa ruwan wanka ya yi zafi, wanda ya makara ya kuka da kansa." Ranar da na je gaishe su Anti ta ja ni kicin.

"Ƙanwata, ki nemo wa yayanki abin yi kafin in kurmance," in ji ta.

A makarantar da nake koyarwa na ji wata abokiyar aikina tana zancen wani dandali a intanet, wanda yake kamar kasuwa, kowa da rumfarsa: wani yana sayar da zane, wani fassara, wani kuma muryarsa yake naɗa wa masu talla. Na buɗe wa Yaya rumfa a wayarsa, na yi masa bayanin tsarin. Kwastoma zai ba da oda ya biya dandalin, dandalin ya riƙe kuɗin kwana goma sha huɗu, in kwastoma bai yi ƙorafi ba su cire kasonsu su turo maka sauran. Bayan haka kwastoma ya ba ka taurari, daga ɗaya zuwa biyar.

Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane. Ɗan kamasho ne, sai dai shi ba ya shan rana."

Matsalar farko ita ce ƙara. Gidan haya ne, maƙwabci yana da injin markaɗe, ga yara, ga keken Anti. Bayan ya gwada banɗaki da ƙarƙashin bargo, sai ya gano cewa babu inda murya take fita tsaf kamar cikin doguwar durowar da Anti take rataye kayanta. Ya shigar da kujera 'yar tsugunno, ya ɗaure makirfo a jikin sandar rataya, ya zauna tsakanin atamfofi. In zai fara sai ya ƙwanƙwasa ƙyauren sau biyu, Anti ta ɗage ƙafa daga keke. Wata rana wata mata ta kawo ɗinki, Anti ta shigar da ita ɗakin don ta auna ta, ta manta da wanda yake ciki. Matar ta ɗaga hannuwa ke nan durowa ta tambaye ta da babbar murya, "Shin kina fama da ciwon baya?" Sai da yamma aka aika mata da takalmanta gida.

Aiki ya fara shigowa. Ya yi tallan sabulu, na makarantar koyon tuƙi, na maganin sauro. Taurari suka taru, Yaya ya riƙa ƙirga su kamar kajin da yake kiwo. Daga baya ne ya gane cewa a shafin kwastoma akwai wani ɗan wuri da ake latsawa a ce "ban gamsu ba", kuma da an latsa dandalin yake mayar wa mutum kuɗinsa, muryar kuwa tana nan a wayar mutumin. Wani ya ce muryar ta tsorata ɗansa. Wani ya ce ta yi ƙarfi da yawa.

"Wayarsa ba ta da wurin rage ƙara ne?" Yaya ya tambaye ni.

Na ce ya rubuta ƙorafi. Ya zauna ya tsara wasiƙa mai ladabi, ya fara da gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali da gajiyar aiki. Kafin ya ajiye wayar amsa ta dawo: "Mun fahimci damuwarka." Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce lallai ma'aikacin nan ɗan mutunci ne, ko shayi bai tsaya sha ba. Sai da ya samu wannan amsar sau shida, kalma a kan kalma, sannan na daure na gaya masa cewa na'ura ce take amsawa. Ya ce, "Shi ya sa bai taɓa cewa in gaida gida ba." Tun daga ranar yake kiran dandalin Malam Mun-Fahimta.

Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne mai odar tallan katifa. Mutumin ba ya sa fuskarsa a dandalin, hoton zaki ya sa. Sau bakwai yana dawo da aikin. Ya ce a yi murya kamar ta mai jin barci, amma kada ta sa masu saye barci. Ya ce a ja kalmar "laushi" har mutum ya ji a bayansa. Yaya ya yini a durowa yana "lauuushi", ya fito jiƙe da gumi yana ƙanshin turaren Anti. A ƙarshe mai zaki ya ce ya yi. Aka kwana goma sha uku shiru, har Yaya ya yi wa Anti alkawarin sabuwar fanka. A rana ta goma sha huɗu mai zaki ya latsa wurin nan, ya rubuta cewa muryar ba ta dace da kayan ba, ya bar masa tauraro ɗaya. Malam Mun-Fahimta ya fahimta, ya mayar wa mai zaki kuɗinsa, ya ce in Yaya yana zargin ana amfani da aikin to ya kawo hujja.

Kwana biyu Yaya bai sanar da komai a gida ba. Anti ta kira ni ta ce shirun ya fi damunta.

Bayan sati uku ina cikin motar haya zan koma gida, muka tsaya a cunkoso a layin masu kayan ɗaki. Sai na ji Yaya yana cewa, "Lauuushi." Na leƙa ta taga ina nemansa, ban ga kowa ba sai wata baƙar lasifika a ƙofar wani shago, katifu jingine a bayanta. Na sauka na kira shi.

"Yaya, kana ina?"

"Ina gida, ina cin abinci."

"To ga ka nan kuma a bakin titi kana sayar da katifa."

Na ɗaga wayar ya saurara. Ya ce kada in motsa daga wurin.

Ya iso cikin rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da hula a karkace saboda sauri. Na zaci faɗa zai yi, na fara ba shi haƙuri, ya ce in dai kunna bidiyo in yi shiru. Ya tsaya daf da lasifikar, hannu a baya. Tallan yana ƙarewa ya ɗan tsaya kafin ya sake farawa, a wannan tsakanin Yaya ya buɗe baki da murya iri ɗaya sak, har ta fi ta lasifikar kai wa nesa.

"Jama'a, katifar tana da kyau, amma muryar ba a biya ta ba."

Masu wucewa suka tsaya suna kallon lasifikar. Tallan ya sake zagayowa, Yaya ya sake ƙara nasa. A karo na uku an cika wurin, wani mai sayar da labule yana dariya har da riƙe ciki. Mai shagon ya fito, wani dattijo mai tumbi da tabarau a goshi. Ya dubi lasifikar, ya dubi Yaya, ya kashe ta.

"Bawan Allah, sake faɗa in ji."

Yaya ya ce, "Lauuushi."

Dattijon ya sauke tabaraunsa. Ya ce shi bai san wani dandali ba. Wani mai haɗa talla ne ya zo har shago ya karɓi aikin, ya kawo, aka biya shi a take, kuma ya ce muryarsa ce, da bakinsa ya yi. Ya ciro waya ya kira mutumin, ya buɗe maganar kowa yana ji.

"Ranka ya daɗe," in ji wata 'yar siririyar murya.

"Tallan nan da ka yi min, ya goge a wajena. Ɗan maimaita min shi yanzu in ji, tun da naka ne."

Mutumin ya ce mura yake yi. Dattijon ya ce ba komai, ya yi da murar. Muka ji ya yi gyaran murya sau biyu, ya cika ƙirji, ya fitar da wani "laushi" kamar an taka jelar ɗan kyanwa. Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya, mutumin kuma ya kashe wayarsa. Har yau ba ta shiga.

Dattijon ya sa aka kawo wa Yaya kujera da lemo mai sanyi. Ya ce shi ba zai biya abu ɗaya sau biyu ba, kuma Yaya ya yarda wannan gaskiya ne. Amma yana da sababbin filo da zannuwan gado da suke buƙatar talla, kuma wannan karon hannu da hannu za a yi. Suka shirya a nan.

Bidiyon kuwa mun tura wa dandalin a matsayin hujja. Amsa ta zo cewa wa'adin kawo hujja ya wuce da kwana biyu. Yaya ya ci gaba da turawa kullum bayan karin kumallo, kamar mai shan magani. A sati na biyar wani mutum na gaske ya amsa, mun gane ne saboda ya yi kuskuren rubutu. Ya ce sun rufe rumfar mai zaki, sun goge tauraro ɗayan, amma kuɗi ba za su fito ba. Abin da za su iya shi ne su ba Yaya kyautar da zai sayi aikin wani da ita a cikin dandalin.

"Wato na yi musu aiki, sun biya ni da damar in ba wani aiki," in ji Yaya.

Ya yi tunani kwana ɗaya, ya ɗauki wata mai rubuta wasiƙu a dandalin, ya ce ta rubuta masa zazzafar wasiƙar ƙorafi a kan dandalin kansa. Wasiƙar ta zo, ba zafi ko kaɗan, har da gode musu a ƙarshe, kuma ta kira shi mai sayar da katifa. A ƙasan shafin ga wurin nan na "ban gamsu ba", karo na farko da ya gan shi daga ɓangaren masu saye. Anti ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Latsa mana, Malam. Kai ma ka ɗana."

Bai latsa ba. Ya ce wa ya sani ko ita ma a cikin wata durowar take zaune. Ya ba ta taurari biyar, ya rubuta mata a gefe cewa ta riƙa karanta oda sau biyu.

Bai rufe rumfarsa ba, yana karɓar oda jifa-jifa, sai dai yanzu samfurin da yake fara turawa yana sa tari a tsakiyarsa, ba ya cire tarin sai kwastoma ya rubuta cewa ya gamsu. Yawancin aikinsa ya koma layin masu kayan ɗaki. Mai labule ya ba shi talla, mai kujeru ya ba shi, har wani sabon mai katifa da ya buɗe shago a tsallaken titi. Yanzu in ka bi ta nan da rana za ka ji Yaya daga dama yana cewa babu katifar da ta kai wannan, ka ji shi daga hagu yana cewa kada ka yarda a ruɗe ka. Na tambaye shi wacce ce gaskiyar, ya ce shi a tabarma yake kwana saboda bayansa, in je in gwada da kaina. Ni dai na canja hanyar komawa gida, don ba zan iya yini ina fama da 'yan aji ba sannan in zo yayana yana yi min magana ta ɓangare huɗu.