Hannun da Malam Barau Ya Miƙa

Barau ɗan Ruwan Godiya ne, kuma daga Sabuwa har Ƙanƙara babu wanda zai rantse ya taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa a fagen kokawa. Da an yanke dawa an kai rumbu, goron gayyata ya dinga zuwa gidansa ke nan, har matarsa Hajaratu ta rasa inda za ta zuba. A kokawar kaka ta Yankara shugaban wata makarantar kwana ta maza da ke ƙasar Faskari ya gan shi, ya ce ya zo ya koya wa yara. Bai yi boko ba, saboda haka a matsayin lebura aka ɗauke shi. Yaran ne suka sa masa Malam, sunan kuma ya zauna.

Shi ya share fili a bayan kicin, shi ya yi ta jigilar yashi daga rafi da jakin aro. In sabon yaro ya zo yana zumuɗin a koya masa sa ƙafa da ɗaukar abokin karawa, sai Malam Barau ya fara da abin da ba wanda ya zo nema: yadda ake tayar da wanda aka kayar. A kokawarmu, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare. Ya kan ce wanda ya faɗi ya riga ya sha kunyarsa, kada a ƙara masa. A miƙa masa hannu, a kakkaɓe masa baya. Yaron da ya kayar ya tafi yana tsalle ya bar ɗan'uwansa kwance, sai ya yi ta ɗebo ruwan yayyafa fili har ya gane.

Sai kuɗin fetur suka yi ambaliya, komai namu ya koma ƙauyanci. Aka ce makarantu su kawo 'yan kokawa gasa a Kaduna. Waɗanda suka kawo saƙon sun san irin kokawar da za a yi, amma hankalinsu yana kan kwangilar ɗinka rigunan wasa. An gwada wa kowane yaro riga, an sayo wa Malam Barau usur mai igiya ja. A zaunar da shi a faɗa masa dokar wasan kuwa, wannan ya fi ƙarfinsu.

Gwarzonsa Rabo ne, wani dogon yaro ɗan Mairuwa mai ƙarancin magana. A Kaduna suka tarar da katifa maimakon yashi, ba makaɗi, ba kirari. Ana busa usur Rabo ya shiga jikin abokin karawarsa, ya ɗaga shi ya ajiye a kan gwiwoyi da tafuka. Malam Barau ya miƙe yana murmushi. Rabo ya ja da baya, ya sunkuya, ya miƙa hannu kamar yadda aka koya masa. Wancan ya kama hannun, ya fizgo shi, ya haye ƙirjinsa ya danne kafaɗunsa. Alƙalin wasa ya daki katifa, ya ɗaga hannun wanda ya fara faɗuwa.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Malam Barau ya je wurin alƙalin yana cewa ai an riga an yi kaye, aka sa ɗan sanda ya mayar da shi kujerarsa. A mota, har suka wuce Funtuwa Rabo bai ɗago kai ba. Da ya ɗago, abu ɗaya ya ce:

"Baba, mi na yi ba daidai ba?"



Shugaban makaranta ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma wani lokacin gara mugun. Ya kira Malam Barau ya ce manya sun ji kunya. Ko dai ya koyi sabuwar kokawar ya koya wa yara su bi wanda ya faɗi su danne, ko a kawo mai takarda. Hajaratu ta ce masa ya yi abin da aka ce, dannewar ai ba yanka ba ce, kuma filin nan shi ne ransa, ta fi kowa sani. Ya ce zai gwada.

Ran da aka shimfiɗa katifar da aka kawo, da la'asar, yara suka kewaye, shugaba yana tsaye. Malam Barau ya kira Rabo ya ce zai nuna da kansa. Suka kama. Duk da furfurar da ta fara masa, bai daɗe ba ya kai yaron ƙasa. Saura ya faɗa kansa. Shugaba ya ce, "To, Malam, danne!" Rabo yana kwance yana kallonsa, bai ko kare kansa ba. Sai yara suka ga hannun Malam Barau ya miƙe shi kaɗai, tafi a buɗe.

Ya tsaya yana duban hannun. Sannan ya tayar da yaron, ya kakkaɓe masa baya ko da yake babu yashin kakkaɓewa, ya cire usur ya ajiye a kan katifa.

"Ranka ya daɗe, wanga hannu ya riga ya tsufa."

Ba su kore shi ba, wai sun yi masa alfarma: suka ba shi gadin ƙofa. Mutumin da ake aika wa goro daga gari uku, shi ne mai buɗe wa motar 'yan kwangila ƙyaure! Ta gabansa aka shigo da siminti aka malale filinsa, wai za a yi wurin ƙwallon kwando, ƙarafan ma ba a taɓa kafawa ba. Mai takardar ya zo, ya ɗan taɓa, ya samu aiki a Legas. Ɓeraye suka gaji katifa. Rabo ya gama makaranta bai sake kama kowa ba, kuma wannan ya fi komai cin Malam Barau. Ya kan ce wa Hajaratu da bai koya wa yaron kirki da wuri haka ba, da yanzu ana jin sunansa a rediyo.

Wata damina ciwo ya kama shi. Ya fito zai yi alwala, ƙafa ta ƙi, ya durƙushe a tsakar gida. Hajaratu ta sheƙo ta riƙe shi. Ya dubi laka a gwiwarsa, ya ce ta taɓa ƙasa. Ita kuwa ta ce ai da idonsa ya gani a Kaduna, yanzu ana faɗuwa a tashi a ci.

"Ba wagga kokawa na iya ba, Hajara," in ji shi.

Kafin a yanke dawar shekarar aka kai shi makwancinsa. Daga makarantar ba wanda ya zo sai masu dafa abinci. Rabo ya iso daga Mairuwa a kan keke, shi ya shiga kabari ya miƙo hannu ya karɓe shi.