Sifu Kwong da Sunan da Aka Tsallake

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kullum da sanyin safiya Sifu Kwong Sau-ying (Sifu laƙabin malaman kung fu ne) take share farfajiyar gidan tunawa da kakanni na unguwarsu a Foshan, kudancin China, ta sha kunun shinkafarta, ta jira ɗalibai. Yawancinsu masu sayar da kifi ne da direbobi da matan masaƙa. Kung fu irin na kudu take koyarwa, wanda ta gada daga mahaifinta matuƙin jirgin ruwa: a buɗe ƙafafu, a sauko ƙasa a kafe, hannu ya yi aikinsa kusa da ƙirji. In sabon ɗalibi ya fara tsalle sai ta ce, "Kai, sauko! Ka yi wannan a kan kwale-kwale, sai dai mu tsamo ka."

Unguwa ta shaida aikinta. Tam Lai-fong mai kifi, da ɓarawo ya shaƙe ta a lungun da ko laima ba ta buɗuwa, gwiwar hannu ɗaya ta zuba masa ya zube. Tsoho Fok, da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wata tara Sifu tana tsayar da shi a jikin bango har ya taka zuwa kasuwa da ƙafarsa.

A watan jiya ciwon gwiwa ya sa ta ajiye koyarwa. A makon ne kwamitin wasanni na gundumar ya shirya karrama malamai, kuma babu sunanta. Da Lai-fong ta je neman ba'asi, sakataren, matashi mai gyaran gashi, ya yi dariya.

"Inna, ai abin tsohuwar ba ya kyau a hoto. Salon arewa mutane suke so, a tashi sama, ƙafa ta wuce kai. Nata kamar mai tsugunne tana wanki."

Wanki! Shekara arba'in da ɗaya, a bakin wanda bai iya tsayuwar minti biyu a durƙushe ba. Wannan cin fuska ne, kuma ba za mu kira shi mantuwa ba.

Ranar bikin Sifu Kwong ta je, ta tsaya can baya. Aka kira Sifu Qiu Deshan, gwanin salon arewa ɗan garin Cangzhou. Ya karɓi lambar yabonsa, ya ƙi komawa kujera.

"Mu 'yan arewa fili gare mu, shi ya sa muke miƙa ƙafa," in ji shi. "Su 'yan kudu ruwa da lungu gare su. Wa ya ce muku ɗaya ya fi ɗaya? Shekara ashirin da suka wuce na gwada matar can, na kasa gusar da ita ko taku ɗaya."

Ya ratsa taron, ya miƙa mata lambar da hannu biyu. "Yaya Kwong, taki ce."

"Ƙanena, riƙe kayanka, ka cancanta," ta ce. "Amma ka zo gobe ka karɓi ɗalibaina. Kada su zauna."

Ke ce, Sifu, wadda aka wulaƙanta a bainar jama'a, amma hankalinta yana kan masu kifi da direbobi. Mun gode miki. Masu kwamiti su ji kunya, malamai kuwa su koyi halinki. Washegari Qiu ya zo kafin kowa, Sifu Kwong ta zauna a gefe tana gyara masa tsayuwa irin ta kudu.