Sa'adatu a Cikin Mayen Ƙarfe

Akwai ranar da har gobe ba ta fita daga raina, ranar da muka kai Sa'adatu awon ƙwaƙwalwa. Ku da kuka kama aiki bana, ita ce ta sa kuke ganin ina ɗaure fuska idan ɗayanku ya ce mini, "Na yi masa bayani, ya ce to."

Lokacin ni ne babban ma'aikacin jinya a ɗakin yaran da gubar dalma ta kama, a Anka. Ga wanda bai sani ba, dutsen da mutanenmu ke haƙowa don zinare yana tafe da dalma a cikinsa. In aka niƙa shi a gida sai ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yara su yi wasa a kai, su kai hannu baki. Dalmar ba a ganin ta, ba ta da wari. Sai dai yaro ya daina cin abinci, ya fara jijjiga, wani ma ya makance. Maganinmu yana wanke ta daga jini ne zango-zango: a sha, a huta, a dawo a auna jini, a sake sha.

Sa'adatu 'yar shekara shida ce, daga wani ƙauye a bayan Nasarawa Burkullu. Ubanta, Malam Isuhu, mai wankin zinare ne, kuma mutum ne mai kaifin kai. Bai taɓa saɓa ranar magani ba. Yarinyar ta fara farfaɗowa, har ta soma ƙwace wa 'yan ɗakin ƙosai.

A farkon damina wata likita ta zo daga babban asibitin birni da wani bincike. Ta ce suna son auna sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, a can gindin ƙwaƙwalwa inda ta haɗu da laka, wurin da ke riƙe da numfashi da haɗiya. Injin da ke ɗaukar hoton cikin kai shi ne zai yi aikin, amma abin da zai fitar ba hoto ba ne. Layi ne mai tudu da kwari kamar kunyoyin gona, kowane tudu yana nuna yawan sinadari guda. Ta faɗa a fili cewa awo ne don a fahimci ɓarnar dalma, ba magani ba. Ni na mayar wa iyaye da Hausa, ban rage komai ba. Malam Isuhu ya ce to.

Da muka isa asibitin birnin, saurayin da ke sarrafa injin ya ce kowa ya cire duk wani ƙarfe. Malam Isuhu ya ajiye wuƙarsa, amma ya ƙi rabuwa da gurun da ke ƙugunsa, mai zoben ƙarfe. Sai saurayin nan ya ɗaure makulli da igiya, ya tsaya daga bakin ƙofa. Makullin ya miƙe a iska yana fizgar igiyar, yana neman injin.

Malam Isuhu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Likita, wanga abu mayen ƙarhe na?"

Na ce, "Shi ne, babba kuwa."

Ya kwance gurun da kansa, har da murmushi. Na ji daɗi a lokacin, na ɗauka rigima ta ƙare.

Aka ba yarinyar maganin barci, don wurin da ake aunawa ƙarami ne ƙwarai, ko haɗiyar yawu tana ɓata awon. Aka tura ta cikin ramin injin, ya yi ta bugawa kamar injin niƙa. Ta fito lafiya, muka dawo, na faɗa masa ranar zango na gaba.

Ranar ta zo, bai zo ba. Ruwa ya yanke hanyarsu, waya kuma ba ta shiga. Da hanya ta ɗan tsane na hau babur na bi shi, raina a ɓace, ina shirya faɗan da zan yi masa.

Tun daga nesa na jiyo ƙarar turmi. Dutse ake dakawa a cikin gidan, abin da ya rantse mini ya daina. Ya tarye ni da fara'a, ya kira maƙwabta, suka zagaye ni da 'ya'yansu a kafaɗa.

"Ga ya nan, shi yak kai mu! Likita, mutanen ga na son a rubuta ɗiyansu su ma."

Na ce, "Malam Isuhu, me ya hana ka kawo ta magani?"

Ya ce, "Wane magani kuma? Ba an jaye abin ba?"

Ya shiga ɗaki ya fito da mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗebo wankakken yashi a kwano. Ya gilma mayen ƙarfen a kai, baƙin yashin ya tashi ya manne, ƙwayoyin zinare suka rage suna ƙyalli.

"Hakanga muka yi kullum. Wanga ɗan ƙarami ke nan. To ina ga wanda munka gani, da ɗiyata tas shiga cikinai da kanta dut? Ko ta sake shiga jikinta, sai mu koma a jaye."

Na ce ina Sa'adatu take. Ya ce barci take yi, tun kwanan baya take yawan barci, jiki ne ke hutawa.

Na san baki ba zai kayar da abin da idonsa ya gani ba. A ƙofar gidan akwai batirin mota da suke cajin waya da shi. Na nuna kan batirin na ce, "Wannan mene ne?"

"Dalma ta."

"Ɗora mayen ƙarfenka."

Ya ɗora, abin ya zame ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka, ya goge a rigarsa, ya sake ɗorawa. Ya juya ɗaya gefen. Sai ya saki abin ya ruga cikin gida, na ji yana kiran sunanta da ƙarfi.

Ba barci take yi ba. Na ɗaga fatar idonta, ba ta bi haske ba, numfashinta yana zuwa yana tsayawa. Muka sa ta a tsakaninmu a kan babur. Ta kai asibiti da rai, muka yi duk abin da muka iya, washegari da hantsi ta cika.

Na je ta'aziyya. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni, muryarsa a ƙasa.

"Likita, injin nan, ya ga ciwon?"

Sakamakon ya riga ya iso, kuma ya nuna sinadaran wurin sun hargitse. Na ce, "Ya gani."

Ya gyaɗa kai. "Ya gani, yab bar ta da shi."

Har yau maganar nan tana yi mini ciwo.

Mutumin nan bai raina mu ba, bai kuma yi wauta ba. Ya ji maganarmu, sannan ya ga abu da idonsa, ya auna shi da sana'ar da ya sani, ya bi idon. Haka mutanenmu suke, kuma "to" ɗinsu ladabi ne kawai. Saboda haka in kun gama bayani, kada ku tambayi mutum ko ya gane. Ku ce ya faɗa muku da bakinsa abin da yake zaton za a yi wa ɗansa, ku yi shiru har ya kai ƙarshe. Da an yi wa Malam Isuhu wannan tambayar a bakin ƙofar injin, da ya faɗa, don a ranar murna yake yi.