Kwabon Rum Biyu, Tsaga Ɗaya

Kano, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gidanmu a Gwammaja da niyyar Umara. Umma, mahaifiyata, ta riga ni tashi. Ta damƙa mini wani ƙullin tsumma ta ce, "Sabi'u, gara fasfo ya ɓace da wannan ya ɓace."

Wani tsohon kwabon tagulla ne a ciki, na zamanin Rumawa. Mahaifinta Malam Hamidu da ƙanensa Tanko sun tafi Hajji a ƙasa. A hanya suka yi wa wani Bamisire dako, ya ba su tukuicin kwabo biyu daga wani tulu da aka haƙo, kowa ya ɗauki ɗaya. Malam Hamidu ya dawo Kano, Tanko ya zauna a Makka, labari ya yanke. Bara wata maƙwabciya ta dawo da zancen wata tsohuwa a unguwar Rusaifa ta Makka, Hajiya Safiya, wai sunan ubanta Tanko Bakano, kuma tana da irin kwabon. Umma ta tsufa, idonta ya yi rauni. Abin da take so kawai ta sani kafin ta cika, ko wannan 'yar'uwarta ce.

Ni kuwa sana'ata sassaƙa hatimi, kuma shekara shida ke nan kwabon nan ya hana ni sakat, ina bin hotunan kuɗin Rum a waya har matata ta ce na yi sabon dangi. A filin jirgi ma'aikacin bincike ya juya shi ya ce, "Malam, wannan na wace ƙasa ne?" Na ce ta Rum. Ya ce, "Ana karɓarsa a Makka?" Na ce ko ruwan leda ba zai saya ba. Ya yi dariya ya miƙo mini. Ƙarfe tara da kwata muka tashi.

Jidda zuwa Jarwal

A cikin jirgi muka yi harama. Mun sauka Jidda ƙarfe huɗu na yamma agogon can. Na shiga tasi da wasu Zazzagawa uku, riyal hamsin kowa, tafiyar kusan kilomita ɗari. A shingen Shumaisi aka duba takardunmu, minti biyar muka wuce. Na sauka a wani masauki a unguwar Jarwal, cikin Makka, mu huɗu a ɗaki, kuma ɗayanmu munsharinsa ya fi ƙarar na'urar sanyaya ɗakin. Bayan magariba na yi Umarata. Da na ga Ka'aba, duk surutun nan nawa ya ɗauke, sai hawaye.

Rusaifa, Alhamis

Na karya da wake da gurasa, waɗanda a nan ake ce wa ful da tamis, riyal bakwai har da shayi. Ƙarfe goma Faisal, babban ɗan Hajiya Safiya, wanda muka yi waya da shi, ya zo da mota. Magidanci ne mai shagon waya, Hausarsa kuwa sai an tallafa mata. "Ahlan, Malam. Kai ne mai fulus na da?" Na ce ni ne. A hanya ya gargaɗe ni: "Ummi tana da shakka kasir, da yawa. Mutum uku sun zo, kullu wahid, kowa ya ce shi dangi ne, ashe masauki suke so." Minti ashirin muka isa.

Hajiya Safiya ta karɓe ni da gahawa da dabino, da fuskar da ba yabo ba fallasa. Ta ce, "Ya waladi, Tanko a Makka sun fi tattabarun Harami yawa. Da me zan san naka nawa ne?"

Nan na sami abin da nake so, wato mai sauraro. Na ce, "Hajiya, Rumawa ba inji gare su ba. Da hannu ake sassaƙa hoton sarki a jikin ƙarfe, kamar yadda nake yin hatimi, sannan a ɗora tagulla a buga da guduma. Masassaƙi ɗan'adam ne, hannunsa kan zame. In ya yi kuskure, duk kwabon da aka buga da hatiminsa sai ya fito da shi. In hatimin ya tsage ma, tsagar kan hau kowane kwabo. Namu yana da shaida biyu. Igiyar rawanin ganyen da ke kan sarki jela uku gare ta maimakon biyu, sannan akwai siririn layi daga hancinsa zuwa baki. Hotuna ɗaruruwa na duba, masu kama da shi da yawa, amma kama da wane ba ta wane."

"Ɗayyib," in ji ta. "Bari na kawo nawa. Jiya na gyara maka shi."

Ta fito da shi a kan faranti yana ƙyalli kamar sabon ɗankunne. Ashe da ta ji baƙo zai zo kallo, sai ta ga abin kunya ne a nuna masa datti. Lemon tsami da toka ta sa ta dirje shi tas, kamar yadda take yi wa tiren shayi. Koren nan mai duhu da ya yi ɗaruruwan shekaru yana taruwa, wanda masana ke lallaɓawa kamar ƙwai, rana guda ta gama da shi.

Na ce, "Hajiya, garin neman gira..." sai na haɗiye sauran. Ta ce, "Esh? Bai fita ba?" Na ce ai ya fita har ya wuce.

Na ciro gilashina irin na masu gyaran agogo, na matsa bakin taga. Tsoro nake ji sosai, don ban san da bakin da zan gaya wa Umma toka ta cinye mata 'yar'uwa ba. Ƙeyar sarki ta sha dirza, jelar ta uku sai da na karkata shi sau biyar kafin na ga inuwarta. Na koma kan hancin. Layin yana nan daram, don ba a cikin dattin yake ba, a jikin tagullar yake. Na jera su biyun, baƙi da ja, na miƙa wa Faisal gilashin. Ya duba ya ce, "Wallahi nafsu! Guda ne!"

Na faɗa mata gaskiya: wannan ya nuna hatimi ɗaya ya buga su, amma kwabo ba ya rantsuwa a kan jini. Ta ɗauki namu tana murzawa. Can ta ce, "Baba yakan ce yayansa ya zaɓi mai ɗan ɓalli a gefe, ya bar masa mai kyau. Hamidu sunansa." Ban taɓa faɗin sunan kakana a gidan ba, ɓallin kuwa yana ƙarƙashin yatsanta. Na ce, "Hajiya..." Ta ce, "Halas, daina ce mini Hajiya. Inna za ka ce."

Aka kawo shinkafa da kaza, aka aika siyo tsire, wanda a nan ma sunansa bai canza sosai ba. Na kira Umma a waya, suka yi awa guda, rabi kuka rabi gardamar wace ce babba.

Komawa, Litinin

Faisal ya kai ni Jidda bayan azahar, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Inna Safiya ta riƙe namu, ta ce in kai nata Kano. Jirgi ya yi jinkirin awa bakwai, sai ƙarfe bakwai na safiyar Talata na shiga gida.

Umma tana kan tabarma. Na sa mata kwabon a tafin hannu. Ba ta ganin ƙyallinsa, sai ta sa babban yatsa ta bi layin nan daga hanci zuwa baki, kamar yadda take yi tun tana yarinya. Ta laluba gefe tana neman ɓallin, ba ta samu ba.

Na ce, "Na Baba Tanko ne, Umma."

Ta rufe hannunta a kansa ta ce, "To, ya dawo gida ke nan."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Faisal da motarsa, da Inna Safiya, wadda na yafe wa lemon tsami. Wani masassaƙi kuma da ban san sunansa ba, wanda hannunsa ya zame wata rana a Rum, shi ma na gode masa.