Saginbek Orozaliyev, Mai Awon Ƙanƙarar Kara-Tor

Haihuwa da karatu

An haifi Saginbek Orozaliyev a shekarar 1949 a ƙauyen Ak-Bulak na yankin Narin, a ƙasar Kirgistan. Mahaifinsa Orozali makiyayin dawaki ne, mahaifiyarsa Uulkan kuma masaƙiya. Tun yana yaro, idan an hau da dabbobi kiwo kan duwatsu, yakan zauna yana kallon daskararriyar ƙanƙarar da ke saman dutsen Kara-Tor kwance kamar farar goɗiya mai barci, har shayi ya huce a hannunsa. Bayan makarantar ƙauye ya wuce birnin Frunze, ya karanci ilimin ruwa da ƙanƙara, ya kammala a 1972.

Aiki da aure

Aikinsa shi ne kowace kaka ya hau ya kafa sandunan ƙarfe a jikin ƙanƙarar, baɗi ya koma ya ga iya abin da ya narke, a aika wa ƙungiyar masana ta ƙasashen duniya. Sharaɗinsu ɗaya ne: awon da ya yanke, an daina lissafi da shi.

A 1975 ya auri Burulkan, wadda ta tare da tantin ulu na gado, mai jajayen sandunan rufi da kakanta ya sassaƙa. A irinsa ake biki, kuma shi ake kafawa a ƙofar gida a shimfiɗe mamaci kafin a kai shi.

Shekarun wuya

Da Tarayyar Sobiyet, wadda Kirgistan ke cikinta, ta rushe a 1991, albashi ya tsaya, abokan aiki suka watse, aka tuge sandunan ƙarfen aka sayar. Kirgistan ta zama ƙaramar ƙasa mai zaman kanta, ba ta da abin kaiwa gaban masanan duniya sai wannan awo. A kakar 1993, ko mai bi mata, ya tsaya kan matarsa tana murza kwaɓin burodi.

"Uwar Ermek, ara mini 'yan sanduna daga tantinki."

"Aro? Ƙanƙarar ce za ta maido? Kai malamin sanyi, ran da ka mutu a ina za mu shimfiɗe ka, cikin firji?"

"Ai na fi sabawa da can. In na tsallake bana, za a share sunan ƙasarmu."

Ta yi ta mita, amma da hannunta ta kwance igiyar. Haka ya riƙa ɗiba kowace shekara, wasu suna faɗawa tsagar ƙanƙara, wasu ruwa na tafiya da su, har tantin ya zama tarin ulu a ɗakin ajiya. Awon bai taɓa yankewa ba. A 2005 masana daga Suwizalan suka zo da sababbin na'urori, aka ɗora a kan abin da ya riƙe.

Tsufa da rasuwa

Da gwiwoyinsa suka ƙi hawa, sai ya koma zama a bakin rafin da ke gangarowa daga dutsen, yana cewa dusar ƙanƙarar da ta sauka ranar aurensa ce yanzu take wucewa ta gabansa.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Satumba na 2021. Ana shawarar aro tantin maƙwabta sai ga makiyaya sun sauko, da sanduna ɗaure a gefen sirdi, waɗanda suka daɗe suna tsinta a inda ƙanƙarar ke zubar da ruwa. Jan ya koɗe, sun yi fari fat. Burulkan ta shafa ɗaya, ta ce, "Ashe ta maido, tsoho."

Ba su cika ba, don haka tantin ya tsaya da giɓi a rufinsa, ana hango dutsen ta ciki. Nan aka shimfiɗe shi, aka sallace shi, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Ermek, da Talantbek, da Cholponai, wadda ita ke hawa Kara-Tor kowace kaka yanzu. Allah ya sanyaya makwancinsa.