Farcen Baba Tawada

Baba Tawada ake ce masa a maɗaba'ar, saboda farcensa ya daɗe da raba gari da fari. Ya shiga wurin yana ɗan shekara goma sha tara, yana shara da kwasar yankakkun takardu, har ya kai da jin ƙarar babban inji ya san inda ke masa ciwo. Lokacin da na san shi ya shekara talatin da ɗaya a wurin. Shugaban sashen inji na shirin ritaya, kuma kowa ya san kujerar tasa ce. Ya ma riga ya gaya wa matarsa.

Ni kuwa ɗalibar jami'a ce, ina binciken yadda ma'aikata ke kallon shugabanninsu. Na zo da takardun tambayoyi da kwali mai tsaga a sama, ina hura hanci kamar ni na ƙirƙiro boko. Na tara ma'aikatan a ɗakin cin abinci, na ce kada kowa ya rubuta sunansa.

"'Yata," in ji Baba Tawada, "kin tabbata ba mai ganewa?"

"Baba, ko ni ba zan san takardar wa ce ba."

"To, ba ni biro mai kyau. Bakin nan ya daɗe a rufe."

Sauran duk sun yi wayo, "madalla" suka yi ta zaɓa har ƙasa. Shi kuwa ya cika layukan, ya juya bayan takardar. Ya ce manaja ba ya sauraron kowa, yana zagin manya gaban yaransu, kuma shi ya hana a tsai da inji a gyara har ya cinye wa wani yatsu biyu.

A saman takardar akwai tambayoyi biyu da na kwafo daga littafi ba tare da tunani ba: wane sashe kake, shekararka nawa a aiki. Da na zo rubuta rahoto, kalamansa suka burge ni, na zuba su yadda suke. A ƙasa na rubuta: "wani ma'aikacin sashen inji, shekara talatin da ɗaya a bakin aiki." Na kai wa manaja kwafi da hannuna, har da murmushi. Mutum ɗaya tak ne ya kai waɗannan shekaru a ginin, ni ce kaɗai ban lura ba.

Ba a kore shi ba, manaja ya fi haka wayo. Cewa aka yi ƙarar inji ta yi wa shekarunsa yawa, aka mai da shi gadin ƙofa. Kujerar kuma aka ba wanda shi ya koya wa aiki.

Kunya ta hana ni komawa, sai bayan shekara shida. Shi ya buɗe mini ƙofa. Ya rame, inji na ruri a bayansa bai ko waiwaya ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yata ce? Kin dai ci jarrabawar?"

"Na ci, Baba."

"To, alhamdulillahi. Ashe ba a yi asara duka ba."

Ya miƙo mini littafin baƙi in rubuta sunana. Farcensa fari tas.