Mutumin Da Yake Karkata Kwanon Ruwa

Kafin in koma tuƙa motar haƙa rijiyar burtsatse, na yi shekaru ina jan tankar mai tsakanin Kano da Fatakwal. A can na koyi turancin tasha, shi ya sa da aka haɗa ni da Injiniya a Dutse, aka ɗora mini aikin tafinta a kan tuƙi. Shi mutumin can ƙasar ruwa ne, inda ake haƙo mai. Gajere ne mai tumbi, da wata hular kwano ruwan ɗorawa da ba ya cirewa ko a inuwa. Injiniya kowa yake ce masa, shi kuma yana ce mini Alhaji tun ban je ba.

Lokacin da ya zo, jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba. Ya leƙa ta tagar mota ya ga duwatsu da dabino da jakai, sai ya tambaye ni da turancinmu na tasha wai ina muka ɓoye kuɗin. A garinsu tun suna yara ake gaya musu duk man da aka zuƙe a ƙarƙashinsu, Arewa ake kawo kuɗinsa. Na ce ya kwantar da hankali, suna bayan dutsen can, sai mun ga kamun ludayinsa za mu nuna masa. Ni kuma ina ce masa su suka sha man suka ƙoshi, ga tumbi nan shaida. Shekaru muka yi muna wannan tsiya, yawanci a layin gidan mai, inda za mu wuni biyu muna jiran gas ɗin da injin zai sha, ƙarshe mu ɓuge wajen 'yan bumburutu.

Yana da wata ɗabi'a. In aka miƙa masa ruwa, ba ya kai wa baki kai tsaye. Sai ya juya wajen haske, ya karkata kwanon, ya ƙura wa saman ruwan ido, ya sunsuna, sannan ya sha. Ko ruwan famfo ne haka yake yi. Na san dalili, don na je ƙasarsu na gani. Amma a ƙauyukanmu, ka san ruwan baƙo ba abin wasa ba ne. Matar gida ta wanke kwano, ta ɗebo na ƙasan randa mai sanyi, a kawo maka, kai kuma ka tsaya kana dubawa kamar mai sayen zinariya. Duk inda muka je sai an tambaye ni me yake nufi. Ni kuma da bakina da ba ya zama lafiya, sai in ce ai kun san masu arzikin mai, ba su saba da ruwan da ba na kwalba ba. A yi dariya, in ji daɗi. Ban taɓa tunanin maganar tana zama a cikin mutane bayan dariyar ta wuce ba.

Muna wani ƙauye a bayan Buji aka yi rikicin nan na Kaduna a kan maganar shari'a. Bayan 'yan kwanaki rediyo ta fara cewa an rama a kan 'yan Arewa a Kudu. Mun kai kwana huɗu muna haƙa, bututan ƙarfe duk suna cikin rami, fito da su aikin wuni guda ne, gas ɗin da ya rage a tankin motar kuma ba zai kai mu Dutse ba. Wanda aka aika ya nemo bai dawo ba.

Da hantsi na lura matan da kan tsaya daga nesa suna kallon injin babu ko ɗaya. Mai fura ma ba ta zo ba. Leburorinmu biyu suka ce za su je masallaci, alhali azahar da saura, ban ƙara ganinsu ba ranar. Injiniya ya kashe injin, shirun ya yi yawa. Ya tambaye ni me rediyo ta ce, na ce ƙwallo. Ya dube ni, ya cire hular nan ya riƙe a hannu. Ranar na fara ganin ashe yana da sanƙo.

Sai ga mutane daga bakin kasuwa, za su kai ashirin, ba sa sauri, ba sa magana. A gaba akwai wani magidanci dogo da na sani, don mun sha cin goro tare. Ƙanensa yana sayar da tsire a Kudu, kuma tun da abin ya fara ba a ji ɗuriyarsa ba. Gora ce a hannunsa. Na bi hannayen sauran da kallo, na ga adduna da wuƙaƙe. Na kama hannun Injiniya na ce ya biyo ni, kada ya yi gudu, kada ya waiga. Zauren Maigari bai fi taku ɗari ba, amma ban taɓa tuƙi mai nisan wannan tafiyar ba. Ina jin takunsu a bayanmu, ina jin numfashinsa.

Maigari tsoho ne tukuf, yana zaune a kan buzu da Liman a gefensa. Muka zube muka yi gaisuwa. Mutanen suka cika ƙofa har zauren ya yi duhu. Dogon nan ya durƙusa, ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, shekara da shekaru suna cin arzikin ƙasa su kaɗai, mu ko ruwan sha ba mu da shi. Yanzu sun koma kan 'yan'uwanmu. Wannan kuwa ko ruwanmu ƙyamarsa yake yi. Direbansa ne ya faɗa da bakinsa."

Ya nuna ni da gorar. Na so ƙasa ta tsage.

A zauren Maigari ba a fara magana sai baƙo ya sha ruwa, ko da ƙara aka kawo shi. Ya sa aka kawo. Na sunkuya na raɗa wa Injiniya ya sha kawai, don Allah ya sha kawai. Ya gyaɗa kai. Ya karɓi kwanon. Sai na ga ya juya wajen ɗan hasken da ke shigowa ta saman kawunan mutane, ya karkata kwanon. Bai ma san ya yi ba. Wani a ƙofa ya yi tsaki, na ji ƙarfe ya gogi bango.

"Direba," in ji Maigari, "tambaye shi me yake dubawa."

Na tambaye shi, ya yi ta magana kansa a ƙasa, ina juyawa. Ya ce a garinsu bututun mai ta bayan gidaje ya wuce, in ya fashe sai ya malala cikin rafin da suke sha. Ruwan da ya gurɓata, in ka karkata shi a haske, za ka ga maiƙo mai launi kamar bakan gizo yana yawo a kai. Tun yana ƙarami in ya sha bai duba ba mahaifiyarsa take dukansa. Akwai ƙanwarsa da ta rasu tun ba ta kai shekarun koyon dubawa ba. Nan ya tsaya, ni ma na tsaya.

Daga nan na ce ranka ya daɗe, saura tawa maganar. Na ce maganar ruwan kwalba ƙarya ce na yi don a yi dariya. Na ba su labarin lokacin da tankata ta lalace a ƙasar su Injiniya na yi kwanaki a wani ƙauye: wuta tana ci a bakin wani dogon bututu dare da rana tana ruri, amma gidajen da aci-bal-bal suke kwana. Kifinsu warin kananzir yake. Ruwan sama in ya sauko daga kwanon rufi baƙi ne. Na ce su ma can an gaya musu mu muka cinye, har wani tsoho ya tambaye ni ko gaskiya ne a Arewa kowane gida da mota.

Maigari ya miƙe ƙafa ya janye wandonsa zuwa gwiwa. Tabon kurkunu ne tun daga idon sawu, wani kan wani, irin na wanda aka sha naɗe masa tsutsar a jikin tsinke. Ya nuna wa Injiniya, ya sa aka ɗauko ƙyallen da suke tace ruwan tafki da shi, ya ajiye a gabansa. Babu wanda ya nemi in fassara.

Dogon nan ya ɗago ya ce, "To wa ya ci kuɗin?"

Maganar bayan dutse ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

Maigari ya ce baƙon ya sha ruwan gidansa, a zauren nan zai zauna har rijiya ta ba da ruwa, wanda yake da magana da shi ya fara bi ta kan buzun nan. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa ƙanen dogon da ke Kudu addu'a. Injiniya ya ga kowa ya ɗaga, shi ma ya ɗaga. Mutane suka fara zamewa da ɗaiɗai.

Kada ka ce daga nan hankalina ya kwanta. Kwana biyu muka ƙara muna haƙa da ɗan gas ɗin da muka zuƙo daga tankin motar, dogon nan kuma yana zaune a gindin wata tsamiya da gorarsa a cinya, tun safe har la'asar, yana kallonmu. Ban taɓa juya masa baya ba. Ko ruwan ya fito, ko gas ya ƙare mu zauna, lissafin da nake ta yi ke nan.

Ranar ta biyu da la'asar ruwa ya yi tsartuwa sama, ja da farko, sannan ya washe. Aka tara kwano aka kai wa Maigari, ya ce a ba Injiniya ya duba musu. Ya karkata, ya daɗe yana kallo, ya ce da 'yar Hausarsa, "Babu komai." Dogon ya taso ya karɓi kwanon daga hannunsa, bai dube shi ba, ya sha, ya ajiye, ya tafi gida. Har muka bar garin ba labarin ƙanensa, ban kuma san yadda ta ƙare ba.

Injiniya ya koma garinsu bayan shekara biyu. Ni ina nan unguwar Yalwawa a Dutse, na ajiye tuƙi. Maiɗakina tana yi mini tsiya wai ruwan da ta tace da hannunta ma sai na juya shi wajen taga kafin in sha, ta ce in na ga wani abu in gaya mata.